Tabarau na kwamfuta ko filin atisaye: da wanne za ka fara horar da yaranka masu aikin wuta?

Ɗan kwangilar da ke da yara goma ko ashirin masu hawa falwaya, da shugaban cibiyar koyon sana'a, da injiniyan da aka damƙa wa masu gyaran wuta a wata masana'anta a Kakuri ko Kudenda a nan Kaduna, duk lissafinsu ɗaya ne idan aka zo maganar horo. Kuɗi kaɗan, abin saye da yawa. A 'yan shekarun nan masu tallar kayan horo sun shigo da tabarau na kwamfuta, wanda mutum zai ɗaura a fuska ya ga kansa tsaye gaban taransifoma alhali yana cikin ɗaki. Ga kuma tsohuwar hanya: a samu fili, a kafa turaku, a ja wayoyin da babu wuta a cikinsu, yara su yi ta hawa suna sauka har hannunsu ya faɗa. Duka biyun kwaikwayon aiki ne ba tare da haɗarinsa ba. Ra'ayina shi ne, wanda kuɗinsa ba zai kai ga biyun ba ya fara da fili. Amma akwai wuraren da tabarau ya yi wa fili fintinkau, kuma bai kamata a ɓoye su ba.

Kafinta in ya yi kuskure katako ya ɓata, gobe ya gyara. Mai aikin wuta sau da yawa ba ya samun goben. Ƙwan fitila mai wat 60 a layin gida na bolt 230 yana jan wajen miliamfiya 260, wato ma'aunin yawan wutar da ke gudana. Jikin mutum kuwa, daga miliamfiya 10 zuwa 16 tsokar hannu take damƙewa har ya kasa sakin waya, kuma tsakanin 50 zuwa 100 in suka ratsa ƙirji suna iya hargitsa bugun zuciya. Shi ya sa aka ƙera na'urar kariyar gida ta yanke wuta a miliamfiya 30. Wannan wutar soket ce kawai. Layukan da ke bin titunan Kawo da Rigasa da Barnawa na bolt 11,000 ne da 33,000, waɗanda ke shiga tashar Mando kuma 330,000. A irin waɗannan ba sai ka taɓa ba, kusantarsu fiye da ƙima ya isa wuta ta tsallako ta iska. Sana'ar da ba a koyonta ta hanyar kuskure dole a nemo mata wurin da za a yi kuskuren a tashi lafiya. Matuƙa jirgin sama sun riga kowa gane wannan. Tun 1929 Edwin Link ya ƙera akwatin koyon tuƙin jirgi a Amurka, kuma nan kusa da mu, kwalejin horar da ma'aikatan jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana horar da ɗalibanta da na'urorin kwaikwayo.

Kafin a zaɓi kayan horo, ya kamata a tsaya a kan abin da ke kashe mutane. Yawancin lokaci ba jahilcin lissafin wuta ba ne. Tsallake mataki ne. Ƙa'idojin da Turai ta tattara a EN 50110 matakai biyar ne a jere: a raba layin da duk inda wuta za ta iya shigowa, a garƙame makunnin da kwaɗo a rataya alama, a gwada a tabbatar babu wuta, a haɗe wayoyin da juna a ɗaure su da ƙasa, sannan a killace duk wani sashe mai wuta da ke kusa. Kowane tsohon ma'aikaci zai karanto maka su da ka. Matsalar ita ce ranar da rana ta take, mutanen unguwa sun taru ƙarƙashin turke suna cewa kwanansu huɗu a duhu, sai wani ya ce ai an ɗauke wuta tun safe, a hau kawai.

"An ɗauke wuta" ita ce maganar da na fi tsoro a wannan sana'a. A garin da kusan kowane layi akwai janareta, ga sola da inbata sun cika gidaje, layin da aka kashe daga tasha bai zama matacce ba. Mai shago ɗaya da ya jona injinsa kai tsaye ba tare da makunnin sauya layi ba zai iya mayar da wuta kan wayoyin titi. Taransifomar da aikinta sauke bolt 11,000 zuwa 415 ba ta san gaba da baya ba. Ka ba ta wuta ta ƙasa, za ta ɗaga ta zuwa dubbai ta sama, daidai inda yaronka yake riƙe da waya. Akwai kuma gidan da ya jawo wuta daga taransifoma biyu don in wannan ta ɗauke ya koma waccan, akwai layin da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da wani mai wuta har ya ɗauki caji daga gare shi, akwai kuma dawowar wuta ba sanarwa. Duk horon da bai cusa wa yaro cewa sai ya gwada kuma ya ɗaure layi da ƙasa da hannunsa ba, ko nawa aka kashe a kansa, bai taɓa ainihin ciwon ba. Da wannan ma'aunin zan auna hanyoyin biyu.

Tabarau dai ga yadda yake. Yaro zai ɗaura shi, ya riƙe sanduna biyu masu maɓalli, sai ya tsinci kansa a ɗakin makunnai ko harabar tasha. Za a ba shi aiki, a ce ya kashe fida ta biyu, wato ɗaya daga layukan da ke fita daga tasha, ya canza fis. Shi zai zaɓi kayan kariya daga kan tebur, shi zai karanta lambar akwatin, shi zai yanke abin da zai fara. In ya buɗe akwatin da ba shi ba, ko ya kai sifana bai gwada ba, haske zai fashe masa a ido, ƙara ta cika kunnensa, allo ya nuna masa inda ya kauce. Za ka ga ƙato ya ja da baya har yana neman faɗuwa a tsakar ɗaki.

Babban abin da tabarau ya fi fili da shi ke nan: yana nuna abin da ba za a iya nunawa da gaske ba. Tartsatsin da ke fashewa idan ƙarfe ya haɗa wayoyi biyu masu ƙarfi zafinsa na iya kai digiri 19,000, ninki uku da ɗoriya na zafin fuskar rana, kuma jan ƙarfen da ya zama tururi yana kumbura kusan sau 67,000, shi ne ke wurgar da ƙofar akwati da mutumin da ke gabanta. Babu malamin da zai kunna wa ɗalibai wannan. Amma yaron da ya ga fashewar a tabarau zai fahimci dalilin da ake hana shi zuwa aiki da rigar ƙwallo ta roba, wadda ke narkewa ta manne da fata. Haka maganar wayar da ta tsinke ta faɗi ƙasa da damina. Wutar tana bazuwa cikin ƙasa, tana raguwa da nisa, saboda haka ƙafa biyu da ke nesa da juna suna kan ƙarfin wuta daban-daban, sai ta hau ta ɗaya ta sauka ta ɗaya. A baki abin yana da wuyar shiga kai. Tabarau zai zana masa da'irori masu launi a ƙasa, ya gane dalilin da ake cewa a tsaya aƙalla mita 10 nesa, wanda abin ya rutsa da shi kuma ya haɗe ƙafafunsa ya riƙa jan su kaɗan-kaɗan, kada ya yi taku mai faɗi.

Yana da wasu fa'idodin. Ana maimaita aiki ɗaya sau ashirin a wuni, kowane karo da tarko daban. Na'urar tana ajiye tarihin kowane yaro, ka ga wanene kullum yake manta kwaɗo. Kuma yana shigar da ɗalibi wuraren da ba za a taɓa barin ɗan koyo ya taka ba, irin manyan tashoshi masu bolt 132,000 da 330,000.

Sai dai inda ya gaza ma ba kaɗan ba ne, kuma mai talla ba zai fara da nan ba. Hannun yaro sandar roba yake riƙe da ita. Bai ji nauyin igiyar ɗaure layi da ƙasa ba, bai san yadda sandar aiki mai tsawo take rinjayar mutum a saman tsani ba, bai taɓa kwance noti mai tsatsa da safar roba mai kauri a hannu ba. Danna maɓalli ɗaya ya sa hular kwano, danna wani ya ɗaura bel. Yawancin manhajojin kuma an yi su ne don wasu ƙasashe. In na Amurka ne, za ka ga gidaje masu bolt 120, da ma'aikata cikin kwandon mota ana ɗaga su sama, da wayoyi a tsare kamar an ja su da rula. Yaron da zai jingina tsani da turken siminti a lungun Tudun Wada, inda wayoyi ashirin suka cakuɗe, bai ga wurin aikinsa a ciki ba, kuma da wuya ka tarar da janaretan maƙwabci a cikin tarkunan. Umarnin da Turanci ne, da irin lafazin da ko mai difloma sai ya kasa kunne.

Ga kuma ɗawainiya. Wani irin tabarau mai suna Meta Quest 3 ya fito a 2023 a kan dala 499, amma kuɗin tabarau shi ne ƙaramin kaso. Manhajar horon ita ce mai tsada, galibi haya ake biya duk shekara da dala, ranar da ka kasa sabuntawa kuma ta rufe. Batirinsa wajen awa biyu yake yi. Mutum ɗaya yake ɗauka a lokaci guda, sauran suna zaune. Wasu jiri yake sa su da tashin zuciya, musamman a zafin Maris da Afrilu idan ɗakin babu sanyi, ƙurar hunturu kuma ba ta raga wa gilashinsa. Abin da ya fi damuna shi ne, bayan karo na biyar fashewar ta daina ba da tsoro. Matasa sun saba da wasannin waya, sai ka ga suna jawo fashewar da gangan suna dariya. In babu malami mai kwarjini a tsaye, horon ya koma wasa.

Filin atisaye ba ya bukatar wani abin a-zo-a-gani. Turaku huɗu ko biyar, na siminti da na katako tunda duka ana samunsu a gari, wayoyin sama na babban layi da na ƙarami, tsohuwar taransifoma da ta ƙone, akwatin fis irin na gefen titi, makunni mai wurin rataya kwaɗo, da wani ɗan ɗaki a matsayin gidan kwastoma. Yawancin ƙarafan maƙeran Panteka za su haɗa maka su. Sharaɗi ɗaya ne ba sassauci: filin ya yi nesa da duk wani layi mai wuta, kada kuma wata waya ta haɗa shi da wutar gari ko da ta fitila ce.

A nan ne jiki yake koyo. Yaro zai ɗauki safar roba ya karanta ajinta da idonsa, ya san aji 0 iyakarta bolt 1,000, aji 2 iyakarta 17,000, aji 4 kuma 36,000, don kada ya ɗauki ta wayarin gida ya nufi babban layi. Zai naɗe bakinta ya matse iska a ciki, ya kara a kunci ya saurara ko tana tsiyaya, domin hujin da ido ba ya gani ya isa. Zai koyi gwada na'urar gwajin kanta a kan abin da aka san yana da wuta, sannan ya gwada layin, sannan ya sake gwada na'urar, saboda testar da ta mutu ita ma shiru take yi kamar layin da ya mutu. Zai koyi cewa igiyar ƙasa ana fara maƙala ta a ƙasa kafin a kai ta kan waya, wajen cirewa kuma a fara cire ta daga waya, bakin da ke ƙasa shi ne na ƙarshe. Zai duba gindin turken katako ko gara ta cinye shi. Duk wannan cikin rana, da gumi yana shiga ido, daidai yanayin da ke sa mutum ya ce bari in cire safar nan minti ɗaya.

Raunin fili sananne ne. Kowa ya san babu wuta, saboda haka jiki yakan saki. Maganinsa ba shi da tsada sosai. A sa wa wayoyin bolt 12 ko 24 daga batir, a haɗa da jiniya da jar fitila, yadda duk wanda ya taɓa waya kafin ya gwada ya ɗaure ta da ƙasa, jiniya za ta tashi kowa ya ji. Sannan malami ya ɓoye wani makunni a ɗakin kwastoman nan, wanda ke wakiltar janareta. Yaro ya kashe babban makunni, ya sa kwaɗo, ya hau, ya miƙa hannu, sai ƙara ta tashi.

"Sauko, Ɗanladi. Me ya faru?"

"Wallahi Oga na kashe, ga makullin ma a aljihuna."

"Na ga ka kashe. Ka gwada?"

"Ban gwada ba, Oga."

"To je ka leƙa ɗakin can, ka dawo ka gaya wa 'yan'uwanka abin da ka gani."

Kunyar da zai ji gaban abokan aikinsa tana daɗewa a zuciya fiye da hasken tabarau, kuma mutum goman da ke kallo duk sun koya tare da shi. Wannan ma wani fifiko ne. Aikin layi aikin ayari ne, akwai na sama, akwai mai riƙe tsani, akwai mai magana da tasha, kuma a fili ne kaɗai za ka ga ƙaramin yaro yana koyon buɗe baki ya ce wa babba, "Maigida, a yi haƙuri, ba mu ɗaure layin ba tukuna." A al'adarmu wannan jimla tana da nauyi a bakin yaro, sai an sa shi ya faɗe ta sau da yawa, kuma an nuna masa babban bai ji haushi ba.

Ceto kuwa babu ma gasa. Mutumin da wuta ta buge a sama yana rataye da bel, numfashi ya tsaya, ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa cikin minti huɗu zuwa shida. Sauko da shi da igiya fasaha ce da sai an yi ta da buhun yashi mai nauyin mutum. Danna ƙirji ma haka: sau 30 a hura numfashi 2, da saurin 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6. Mutum-mutumin roba na koyon wannan, irin wanda kamfanin Laerdal na Norway ya fara fitarwa a 1960, shi ne kayan kwaikwayon da zan ce a saya kafin komai. Har yanzu akwai masu ɗura wa wanda wuta ta ja madara ko su turbuɗe shi da ƙasa, mintunan da za a cece shi suna wucewa.

Amma fili yana da haɗarinsa na gaske, domin faɗowa daga turke ba kwaikwayo ba ce, dole a sa igiyar kariya tun hawan farko. Yana cin wuri, yana bukatar mai gadi saboda ɓarayin waya, ruwan Agusta yana tsayar da darasi. Kuma ingancinsa ingancin malaminsa ne. In tsohon ma'aikacin da ka ɗauko shi ma da bayan hannu yake gwada waya, to ka gina wurin gadar da mugun hali. Tabarau aƙalla ba ya gajiya, ba ya cewa mu a zamaninmu ba ma sa safa.

Akwai atisaye na uku da kusan kyauta ne, kuma ana raina shi. A zaunar da mutum biyu a ɗakuna daban da wayar hannu, ɗaya a matsayin mai kula da tasha, ɗaya shugaban ayari, da zanen layi da takardar izinin aiki. Wannan ya faɗi sunan fidar da aka kashe, wancan ya maimaita kalma da kalma, a rubuta lokaci, a sa hannu. Malami ya riƙa shigo da ruɗani, sunaye biyu masu kama da juna, ko wani ya kira ya ce an gama a mayar da wuta alhali takardar ba ta dawo ba. Duk wanda ke aiki kusa da layukan Kaduna Electric, wadda ke raba wuta a jihohin Kaduna da Zamfara da Sakkwato da Kebbi, yana bukatar wannan.

To wa zai sayi me? Mai yaran da ke wayarin gidaje da shaguna ba ya bukatar turaku da yawa. Allon katako mai mita da akwatin fis da makunnin sauya layi da inbata, a kan bolt 24 da jiniya, ya ishe shi, sai kwaɗuna da na'urar gwaji ta ƙwarai da mutum-mutumin ceto. Masu haɗa sola su ƙara da faranti na gaske, domin nasu haɗarin daban ne. Faranti ba shi da makunni, muddin rana na dukansa yana ba da wuta, in aka jera su kuma suna kai bolt ɗaruruwa. Wutar gari tana ratsa sifili sau 100 a daƙiƙa, abin da ke taimaka wa tartsatsi ya mutu, ta faranti da batir kuwa miƙe take, in ta kama sai ta yi ta ci. Ɗan kwangilar layukan 11,000 da 33,000 fili ne nasa, ko shi kaɗai ko su haɗa kuɗi su uku ko huɗu. Tabarau ya fi dacewa da wanda ke da ɗalibai ɗaruruwa a shekara, ko masana'antar da ke da ɗakin makunnai masu ƙarfi inda fashewa ce babbar barazana, kuma ko su bayan sun mallaki fili. Tsarin da ya fi ma'ana shi ne ɗalibi ya fara da tabarau ya gane dalili da jerin matakai, ya fita fili hannunsa ya koya, sannan ya bi maigida wurin aiki.

Kafin ka kashe ko sisi, ka leƙa abin da ke garin. Cibiyar horar da ma'aikatan lantarki ta ƙasa, NAPTIN, wadda aka kafa a 2009, tana da reshe a Kaduna. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ga hedikwatar hukumar ilimin fasaha ta NBTE ita ma a nan take. Tura yara kwas na ɗan lokaci ko neman aron wuri zai iya fi maka sauƙi a kan gina naka. Ka kuma tuna cewa babu tabarau ko filin da zai maye gurbin takardar shaidar ƙwarewa ta NEMSA, hukumar da dokar 2015 ta ɗora wa duba aikin wuta da tantance masu yin sa.

In mai tallar tabarau ya zo, kada ka bari shi ya ɗaura ya nuna maka. Ka ɗaura wa mafi tsufan ma'aikatanka da mafi ƙanƙantarsu, ka tsaya ka kalla. Ka tambaye shi ko manhajar tana aiki ba intanet, nawa ne sabuntawa a shekara ta biyu da ta uku, ko za a iya sa mata layin 11,000 da 415 da janaretan da ke mayar da wuta baya, ko za a iya ɗora mata murya da Hausa, wa zai gyara in ya lalace kuma a wane gari. Sannan cikin kasafin, ko wanne ka zaɓa, ka fara ware kuɗin kayan da yaran za su tarar a motar aiki: na'urar gwajin babban layi, igiyoyin ƙasa aƙalla saiti biyu don a ɗaure gaba da bayan wurin aiki, safa mai ajin da ya dace, da kwaɗo ɗaya ga kowane mutum da makullinsa a aljihunsa. Atisayen kuma a sa masa lokaci sau biyu a shekara, ɗaya a Afrilu kafin iskar farkon damina ta fara kayar da turaku, da tsofaffin ma'aikata a sahun farko.